Yaya Zulai, Ba Ki Canja Sunan Ɗanlami Ba

Zuwa ga Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. A firamare an koya mana cewa wasiƙa da gaisuwa ake fara ta, sannan a yi fatan an sami mutum lafiya. Ban san yadda zan yi miki wannan fatan ba. Sai dai in ce Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kina hutawa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da za ki karanta ma da ban rubuta ba. Kin san ni, ko da kina raye ban taɓa iya kallon idonki in faɗi abin da ke raina ba.

Ranar da za a fita da ke, Baba ya tsaya a bakin ɗaki ya ce duk wanda kika yi wa wani abu ya yafe miki, don kada ki tafi da nauyin kowa. Ni na fara cewa na yafe, da ƙarfi, har mutane suka juyo. Amma a lokacin ban san abin da nake yafewa ba. Yanzu na sani. Shin waccan yafiyar tana nan, ko sai na sake wata? Abin da ya hana ni sukuni ke nan, shi ya sa nake rubuto miki.

Bari in fara ba ki labarin gida. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi fiye da bara. Baba ya sake dangar bayan gida. Ƙafar Inna tana nan yadda kika san ta, idan hadari ya haɗu sai ta tashi. Zogalen da kika dasa a bakin rijiya ya wuce katanga. Mijinki Malam Nura ya zo gaisuwa da salla, ya rame, bai iya cin tuwon sallar ba. Ni kuma na gama firamare. An ɗinka mini kayan ƙaramar sakandare, suna rataye a ƙusa. 'Yan ajinmu sun fara zuwa. Ni ban je ba tukuna.

Anti Hajara, ƙawarki ta ƙungiyar marubuta a Kano, ta zo da mota har ƙofar gida. Ta ce sun tattara labaran da kika riƙa turawa a waya kina raye, sun buga su littafi, don kada sunanki ya ɓace. Sunan littafin Matan Bayan Danga. Ga sunanki a bango da manyan baƙaƙe. Baba da ba ya karanta boko ya ɗauka ya fita da shi majalisa, yana nuna wa mutane sunan da yatsa. Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta sa cikin kwallarta, inda take ajiye turare. Ni ma na yi murna, Yaya. Na taɓa bangon na ji kamar hannunki na taɓa.

Ranar ɓarar gyaɗa mata suka cika tsakar gidanmu, kamar kowace kaka. Gwaggo Asabe ta ce a ɗauko littafin marigayiya, Uwani ta karanta mana, ai ba a banza aka kai ta boko ba. Na so in noƙe, amma littafinki ne. Na zauna a kan turmi na fara. Labarin farko na matar nan ce da ta ɓoye wa mijinta cinikin awara a cikin tulun ruwa. Suka yi ta dariya, Inna tana dariya tana share ido. Karon farko a rayuwata na yi magana a gaban mutane muryata ba ta yi rawa ba. Na ji kamar kina bayana kina cewa ci gaba.

Sai na buɗe labari na gaba.

Kin tuna, ko? Ai dole ki tuna, tunda kin rubuta. Na girma ina fitsarin kwance, har na wuce shekarun da ake yi wa yaro uzuri. Na ga yadda aka yi wa Sale ɗan Gwaggo Asabe a kan haka, duk da girmansa, aka ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, yara suka bi shi da tafi har bakin kasuwa. Na ce miki in aka yi mini haka rijiya zan faɗa. Ke kika samo dabara. Akuyar Inna ta mutu ta bar ɗa, kika ce wa Inna Uwani na tausayinsa, a bar shi ya riƙa kwana a ɗakinmu. Ranar Alhamis aka haife shi, kika sa masa Ɗanlami. Duk safiyar da abin ya faru, ke za ki fito da tabarma kina faɗa, wai Ɗanlami ya sake, wannan ɗan akuya ba shi da kunya. Ya sha duka a kaina, bawan Allah. Gari duka ya san ina kwana da shi, har aka koma kirana Uwar Ɗanlami, ina amsawa da murna, don sunan rufin asirina ne. Kika dafa kaina kika ce daga ni sai ke sai Allah.

Ni ba irin karatunki nake yi ba. Kalma-kalma nake bi da yatsa, ba na hango abin da ke gaba. Yarinyar labarin sunanta Talatu, garinsu wani gari ne can da ban taɓa ji ba. Na karanta tana jiƙa shimfiɗa, mata suna dariya, na ce a raina ai masu yi da yawa. Na karanta yayarta ta kawo ɗan akuya ɗaki. Kafin hankalina ya kai inda yatsana ya kai, bakina ya riga ya faɗa. Ɗanlami.

Da bakina, Yaya. A tsakar gidanmu.

Hannuwa suka tsaya da ɓara. Sai Gwaggo Asabe ta tafa hannu ta ce la'ilaha illallahu, ashe zaluntar marayan akuya aka yi ta yi shekara da shekaru. Ladidi matar Sale ta kwanta a kan buhu tana riƙe da ciki, tana cewa a biya mijinta kwaɗonsa, ashe akwai wadda ta tsere. Ba da mugunta suka fara ba, na sani. Amma na ajiye littafin a kan turmi na shige ɗaki, ban fito ba har suka watse.

Kin canja sunana. Kin canja sunan gari. Kin mai da Baba mahauci, kin ba Inna 'ya'ya maza. Duk wannan wahalar kin yi ta. Me ya hana ki canja sunan ɗan akuya? Mantawa kika yi? Ko sunan ne ya yi miki daɗi, kika ga in kin cire shi dariyar za ta ragu? Ko kin ɗauka mu mutanen ƙauye ba za mu taɓa ganin littafi ba, don haka ba komai 'yan birni su yi dariyarmu a waya?

Daga baya na karanta ƙarshen ni kaɗai. Ba ki rubuta cewa Talatu ta daina ba. Ni kuwa na daina tun kafin bikinki, ke kika fara sani, har kika saya mini alawa. A littafin, Talatu har gidan miji aka kai ta da bunsurun a bayan motar kayan ɗaki. Wannan ba ta faru ba, amma ita mutane suka riƙe. Yanzu in na je famfo, yara sai su yi kukan akuya a bayana. A Islamiyya Binta ta ja tabarmarta gefe, wai wasa take. Wata tsohuwa ta ce wa Inna a bakin injin niƙa, in an tashi yi wa Uwani kayan ɗaki kada a manta da bunsuru. Shi ya sa kayan makaranta suke rataye.

Akwai abin da ba ki sani ba. Washegarin ɓarar gyaɗar nan Inna ta shigo ta zauna a bakin gadona. Ta ce ita ta sani tun ranar farko. Ta ce wace macen karkara ce za ta kasa bambance warin fitsarin akuya da na mutum, ita da ta tashi cikin awaki? Ta ga kin rufa mini, sai ta rufa mana mu biyun, har tana taya ki zagin Ɗanlami. Baba ma ya sani. Kin ga, mu huɗu ne muka riƙe maganar, ba mu biyu ba. Waɗanda ba su yi mini rantsuwa ba sun riƙe. Ke da kika dafa kaina, ke kika saki.

Yanzu zan faɗi wadda ta fi ci mini rai.

Da kika dawo gida bayan doguwar naƙudar nan, jaririn bai zo da rai ba, ke kuma kika zo da yoyon fitsari. Mutane sun ɗauka baƙin cikin ɗa ne ya hana ki fitowa. Daga Inna sai Malam Nura sai ni muka san gaskiya. Wa yake wanke zannuwanki? Ni ce, a bayan rumbu, in shanya su can ƙasa inda ba a hangowa ta kan danga. Ni nake zuba garwashi in sa turaren wuta kafin masu dubiya su shigo. In na ga wurin zamanki ya jiƙe, sai in yi kamar na yi tuntuɓe da buta. Ban ji ƙyama ba ko sau ɗaya. Daɗi ma nake ji, ina cewa yau ga ni ina biyan Yaya. Kina riƙe wuyan hannuna kina cewa Uwani, kada kowa ya ji, har a yi mini aikin in warke. Ba a kai ga aikin ba zazzaɓin ya ɗauke ki.

Wata rana ina goge miki ƙafa kika ce, yanzu na san abin da kika ji. Na ɗauka tausayi ne. Ashe a lokacin labarina ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane. Wayar tana ƙarƙashin matashinki. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Haƙuri kike son ba ni kika kasa? Da kin faɗa, wallahi da na yi kuka na haƙura, da ban hau turmin nan ba.

Anti Hajara ta dawo makon jiya. Ta ji abin da ya faru, ta ba ni haƙuri, ta ce ba su san da mutum a bayan labarin ba. Sannan ta ce suna haɗa wani littafin, shi ba na dariya ba ne, na gaskiyar matan da haihuwa ta wahalar. Ta ce ta ji a jikinta akwai abin da kika ɓoye a watannin ƙarshe, kuma ni ce mai jinyarki. Ta ce akwai mata da yawa a ɗaka suna fama, kunya ta hana su zuwa asibiti, in suka ji marubuciya kamarki ma irin wannan ya same ta za su fito. Ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninmu, ta danna ta fara ɗaukar murya.

Ba zan ɓoye miki ba, na so in faɗa. Ba don matan nan ba. Maganar ta zo har bakina. Na hango Ladidi da Gwaggo Asabe suna saurare, na hango an manta da Ɗanlami an koma kanki. Na ce a raina, Yaya ma ta ji yadda na ji. Na kalli wayar, na kalli ƙofar ɗakin da kika kwanta.

Na ce mata zazzaɓi ne kawai.

Ta kashe wayar. Wataƙila tana da gaskiya, wataƙila da labarin ya taimaki wata. Ina tunanin wannan, yana damuna. Amma labarinki ne, kuma ba ki ba ni shi ba. Riƙo kika ba ni. Ni karatuna kaɗan ne, ban san yadda ake littafi ba, amma na san wannan.

Malamin Islamiyya ya ce haƙƙin wani yana iya tsare mamaci. Tun da na ji nake jin tsoro. Ba na son ki sha wata wahala a can saboda ni, wadda kika sha a nan ta isa. Don haka ga shi, na sake faɗa, wannan karon na san abin da nake yafewa. Na yafe miki, Yaya Zulai, duniya da lahira. Allah ya shaida.

Amma ban huce ba. Kada ki ɗauka na huce. Littafin yana cikin kwallar Inna, har yanzu ba na iya kallon wajen. Ranar Litinin zan sauke kayan nan daga ƙusa in sa, in bi ta gaban famfo, su yi kukan akuyarsu. Ban san ko zan iya kaiwa bakin makaranta ba tare da na juyo ba. Da kina nan, ke za ki riƙe hannuna. Da kina nan kuma, da ban yi miki magana ba.

Ki huta. Naki yana wurina, ba mai ji.

Ƙanwarki,
Uwani, wadda har yau ake kira Uwar Ɗanlami