Auren Da Na Ɗaura Da Biro

Maknas, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Gizlan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya kare ki daga sanyin Montreal da aka ce ya fara shigowa. Mu nan sai godiya. Gwiwar babanki ta yi sauƙi, har ya koma zaman shayin hantsi da tsofaffin abokan aikinsa na jirgin ƙasa. Cikin Nawal, matar yayanki Anwar, ya shiga wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura amma likita ta ce ba komai. Zaitun na bana na fasa shi na jiƙa a ruwan gishiri, na kuma ware miki kwalbarki kamar kullum, ko da yake ban san ta hannun wa za ta iso ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Ba haka na rene ki ba, kuma da a wani lokaci ne da na cika shafin nan da abin da Allah Ya ce a kan haƙƙin iyaye. Amma wannan karon ba ni da bakin faɗa. Na zaɓi rubutu ne don na san halina: a waya ina buɗe baki wa'azi ke fitowa, ke kuma ki yi shiru har kuɗin katin ya ƙare. Kin san abin da na yi. Yadda aka yi na yi shi ne ba ki sani ba, kuma ya kamata ki ji daga bakina.

Kin tuna lokacin da kika kira ni, kika ce Ridwan, wanda kuke zaune tare, zai tsaya miki a ba ki takardar zama a ƙasar, tunda shi ɗan can ne. Kika ce dokarsu ta yarda da mace da namiji da suka shekara a gida ɗaya ko babu aure, kuma yayin da ake duba takardun za a ba ki izinin yin aiki. Abin da kike nema a wurina kawai wasiƙa ce mai shaida cewa danginki sun san da zamanku. Kika turo mini abin da zan rubuta, layi takwas, kika ce, "Mama, ki kwafa yadda yake, kada ki yi masa ado." Na ce miki ni da na yi sakandare da Faransanci tun ba a haife ki ba, ba ke za ki koya mini rubuta wasiƙa ba. A layi na uku akwai kalmar nan, abokin zama. Na karanta ta, na kife takardar a kan firij, ta kwana huɗu a wurin.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Tun bara, a gidan wankan mata na unguwa, Lalla Batul maƙwabciyarmu tana cuɗa mini baya ta ce, "Lalla Zuhur, wai wane ne wannan dogon da muke gani kusa da Gizlan a hotuna? Ko direbanta ne?" Mata suka yi dariya. Ni kuwa ban san lokacin da na ce mijinki ne ba, na ce an yi abin a can cikin sauƙi saboda nisa. Kafin in gama tsane gashina labari ya riga ni isa unguwa. Washegari suka fara shigowa da guɗa, kowacce da curin sukarinta a naɗe cikin shuɗiyar takarda, yadda ake kai wa gidan da aka yi aure. Curi bakwai na karɓa. Na dafa musu shayi, na amsa addu'o'insu da amin, na jera sukarin a saman kabad.

To kin san ba a aika irin wannan wasiƙa sai an kai ofishin unguwa an buga hatimin shaidar sa hannu. Wadda ke zaune a tagar kuwa Karima ce, surukar Lalla Batul ɗin, kuma yarinyar nan ba ta buga hatimi a takardar da ba ta karance ba, ko rasit ɗin wuta ne. Sai na sake kwafe wasiƙar. Inda kika ce abokin zama na sa mijinta. Da na ga kalmar ta tsaya ita kaɗai babu abin da ya tokare ta, sai na ƙara layi na tara, na ce an karanta muku Fatiha a gidanmu a watan Agustan bara, gaban dangi. Na gaya wa kaina cewa gyara na yi miki, wai Turawa ma za su fi ganin girman matar aure. Karima ta karanta, ta ce Allah Ya ba da zuri'a, ta buga hatimi. Da yake lokaci ya ƙure, na aika kai tsaye ofishin lauyarku kamar yadda kika ce, aka haɗa da sauran takardu ba ki gani ba. Ba kuskure ba ne, 'yata. Na san bambancin kalmomin nan biyu sarai.

Sauran kin fi ni sani. Hukumar shige da ficen ƙasar ta rubuto muku cewa ku kun ce ba ku yi aure ba, uwar yarinya ta ce kun yi. Ku kun ce ba ku rabu da gidanku ba shekara guda cur, uwar ta ce a watan Agusta kuna Maknas, fasfo kuma bai nuna tafiya ba. Suka ba ku kwana talatin ku faɗi wanda ke ƙarya, suka dakatar da komai har da izinin aikin. Anwar ya gaya mini gidan kula da tsofaffin da ya ɗauke ki aikin gashin ƙashi ya ce zai riƙe miki gurbin zuwa ƙarshen watan nan kawai. Shekara uku kika yi kina karatun nan, kina tsayuwar awa biyu a motar haya cikin ƙanƙara, ni kuma na zauna a kicin ɗina da biro na tare miki ƙofa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Ranar da kika kira kina kuka, maimakon in ce na yi laifi, sai na ce ki je gidan burodin ɗan Si Allal, mutumin garinmu, da ke can, yana ɗaukar 'yan ƙasarmu ba takarda, yana biya a hannu, ki lallaɓa kafin abin ya warware. Kika ce, "Mama, wata tara ina zaune ban karɓi ko sisin da doka ba ta ba ni ba, don kada a sami abin faɗa a kaina. Ke ce kika mare ni a kan dirhami biyu na canjin madara da ban mayar ba." Daga nan kika kashe wayar. Na tuna marin, na tuna har rigar da ke jikinki ranar.

Babanki bai san da layi na tara ba sai da Anwar ya karanta masa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Lalla Liman, ashe aure kika ɗaura a gidana ba ki gayyace ni ba? Ba waliyyi, ba shaidu, ko ƙashin kaza ban gani ba." Ya ce shekara talatin da biyar yana aikin jirgi bai taɓa rubuta cewa jirgi ya iso alhali yana hanya ba, don wani na iya hawa layin. Innarki Haduj kuwa da ta zo cin kuskus ɗin Juma'a cewa ta yi, "Yaya, ke da kike auna tsawon siket ɗin 'ya'yan mutane da ido, yau ga shi naki ya kama a ƙofa." Na ce ta ci abincinta ta rufe mini baki. Amma ban kore ta ba, don gaskiya ta faɗa.

Ranar Litinin na sake rubuta wasiƙar. Layukanki takwas suna nan yadda kika turo, ban taɓa ko ɗigo ba. A ƙasa na ƙara bayani, kuma wannan karon lauyarku ce ta ce in ƙara: cewa ni Zuhur, mahaifiyarki, na rubuta ƙarya a wasiƙar farko saboda kunyar maƙwabta, ba a yi Fatiha ba, ba ku zo Maknas ba, ke da Ridwan ba ku san na canza komai ba. Babanki ya ce in hau tasi in je ofishin wata unguwa inda ba a san mu ba. Na ce a'a, inda na ɓata nan zan gyara. Na sa jallabiyata ta zuwa biki na bi layi. Karima ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake farawa. Ta rage murya ta ce, "Lalla Zuhur, ko za ki dawo da yamma in ba kowa?" Na ce, "Buga hatiminki, 'yata, akwai mutane a bayana." Sa hannun ya ɗan karkace, amma nawa ne.

Kada ki ɗauka na sauya ra'ayi. Zaman da kuke yi ba daidai ba ne a wurin Allah, kuma ba zan daina faɗa ba har in koma gare Shi. Na san aurenki na farko da shekara biyun da kika yi kina zarya a kotu kafin ki sami takardar sakinki su suka sa kike tsoron sake sa hannu, na kuma san ni ce na yi ta ce miki ki yi haƙuri har haƙurin ya kusa cinye ki. Duk sallah ina roƙon ranar da za a karanta Fatihar gaske a falon nan, babanki na zaune. Amma wannan tsakaninki da Ubangijinki ne da Ridwan. Abin da ke tsakanina da ke shi ne na yi miki ƙarya a kan takardar hukuma, kuma ba don Allah na yi ba, don Lalla Batul na yi. Ki yafe mini. Ban saba faɗin wannan ba, shi ya sa na rubuta shi sau ɗaya, ki adana.

Asalin takardar mai hatimi tana cikin ambulan ɗin nan, hotonta kuma Anwar ya riga ya tura wa lauya tun ranar. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma muna cikin kwanakin da aka bayar. Ki je wurin masu gidan tsofaffin da kanki, kada ki tura saƙo, ki sa rigar kirki, ki roƙe su su ƙara miki mako biyu.

Jiya da safe na sauko da sukarin nan. Curi shida ne yanzu, ɗaya babanki ya fasa da azumi bai sani ba, sai na sayi wani na cike. Na bi gida bakwai da ƙafata na mayar wa kowacce nata. Lalla Batul ta ƙi karɓa, ta ce in ajiye, ai ba ya lalacewa, wata rana za a buƙace shi. Na ce idan ranar ta zo ta sake kawowa da kanta, da guɗarta.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙa rufe wuyanki. Anwar da Nawal suna gaisuwa, haka Innarki Haduj da 'ya'yanta. Ki gaishe da mahaifiyar Ridwan. Ki gaishe da Ridwan, abokin zamanki. Kin ga na rubuta, biron bai karye ba.

Ran Lahadi bayan la'asar ɗinmu zan kira. In kin ɗauka, ba zan yi wa'azi ba, in Allah Ya yarda.

Mahaifiyarki,
Zuhur