Ɗakin da Alhaji Ya Kulle

Bodinga,
9 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga maigidana, Malam Abdulƙadir, malamin asibiti a Horo Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aiki da jama'ar garin. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Malam, mun samu gida, a bayan firamaren nan da kake yabo, wadda ɗiyanta ke cin jarrabawar shiga sakandare kowace shekara. Daga tsakar gida ina jin ƙararrawarsu. Hedimasta, Malam Garba, ya karɓi Hafsatu a aji shida, ya ce ɗiyarmu kanta yana ja.

Mai gidan Alhaji Sodangi ne, ɗan kwangila, babba a jam'iyya. Bai tsananta haya ba, sharaɗinsa ɗaya ne: ɗakin ƙurya nasa ne, ya sa masa kwado biyu, kada mu kusance shi. Sau biyu mota tana sauke kaya ta ƙofar baya. Ban tambaya ba, amma raina bai kwanta ba.

Hafsatu tana gaishe ka.

Matarka,
Hadizatu.

Bodinga,
16 ga Janairu, 1984.

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, mahaifiyarka?

Tun da anka yi juyin mulki ba a sake ganin Alhaji ba, wasu na cewa ya ƙetara Nijar. Ranar kasuwa soja sunka zo suna fasa rumbunan 'yan kasuwa. A gabana sunka kwantar da wani dattijo sunka zane shi saboda an samu sabulu ɓoye a gidansa. Furfurarsa duk ta yi ƙasa, Malam. Na dawo ban sayi komai ba.

Shekaranjiya ina shara na ga tururuwa jere suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin nan, kowace da ƙwayar sukari. Na taka turmi na leƙa ta taga. Buhunan shinkafa ne har rufi, da katan-katan na madara da sabulu, a lokacin da mutane ke yini a layi ba su samu gwangwani ɗaya ba.

Jiya ƙanen Alhaji, Maniru, ya zo ya tsaya a zaure, ban san wanda ya gaya masa na leƙa ba. Ya ce, "Malama, kin ga abin da kinka gani. Ki ja bakinki, ɗiyarki ta gama karatu lafiya." Yadda ya ambaci yarinyar shi ya hana ni cin abinci.

In na yi shiru soja sunka gano, a gidanmu za a ce an samu, ga shi ana korar ma'aikata kan abin da bai kai wannan ba. In na faɗa, ga Maniru. In mun tashi, saura mako bakwai jarrabawa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in tashi in leƙa ta zaure.

Don Allah kada ka zo yanzu. In an same ka a gidan, kai za a kwantar. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Hadizatu.

Bodinga,
12 ga Maris, 1984.

Malam,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na samu takardarka, ka ce mu kwashe kaya mu dawo Horo Birni. Ka yafe mini, ban bi maganarka ba.

Na je wurin Malam Garba na faɗa masa komai. Ya sa hularsa ya raka ni wurin hakimi, hakimi ya aika anka kira soja. Da hantsi sunka zo, su shida. Na tura Hafsatu makaranta tun da sassafe don kada ta gani. Babban sojojin ya nuna ni da bulala ya ce, "Mijinki fa? Ba da shi ake ci ba?" Malam Garba ne ya shiga tsakaninmu ya ce, "Ranka ya daɗe, wadda take ci ba ta kiran ku." Sunka fasa kwadon, sunka sayar da kayan a ƙofar gida bisa farashin gwamnati. Layi ya kai har katangar makaranta.

Washegari Maniru ya aiko mu fita kafin Juma'a. Na bi unguwar gida-gida, kowa ya ce ba ɗaki, har waɗanda sunka dafa shinkafar. Wata tsohuwa mai fura, Inno, ita ta ba mu ɗaki ɗaya can bakin gari, hanyar Danchadi. Tun ranar nake kai Hafsatu da ƙafata, in zauna gindin dalbejiya har a tashi, don sau biyu na hangi Maniru a kan babur kusa da makarantar.

Ranar Asabar ta rubuta jarrabawar. Da ta fito na tambaye ta, ta ce lissafi ya yi sauƙi, sai ta fashe da kuka, ta ce tun ranar da na taka turmi na leƙa ta san abin da ke ɗakin, ta yi shiru ne don kada in tsorata. Wata biyu muna kwana ɗaki ɗaya, Malam, kowace tana ɓoye wa 'yar uwarta.

Yanzu kana iya zuwa. Ka sauka a tasha ka tambayi gidan Inno mai fura. Kada ka tambayi gidan Hadizatu, ba wanda zai nuna maka.

Matarka mai jiran ka,
Hadizatu.