Tokar Babanku Tana Kan Kabad Har Yanzu

Barnsley,
Watan Satumba.

Zuwa ga 'yata Lorraine,

Gaisuwa mai yawa daga uwar da ta daɗe ba ta ga fuskarki ba, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Duncan da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin Kanada, na ji an ce ya kusa shigowa. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Itacen tuffa na bayan gida ya yi 'ya'ya bana har rassa na taɓa ƙasa, na rasa wanda zan ba. Na ce gara in rubuto, domin a waya kuka ke riga ni magana. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koye shi.

Maganar tokar babanku ce, wadda ke cikin tulu a kan kabad tun da aka ƙona gawarsa. Kin tuna wasiyyarsa: a watsa ta a kan tudun tsohuwar mahaƙar kwal inda ya yi aiki, kuma 'ya'yansa maza biyu su riƙe tulun tare. Na gaya miki a Oktoba za a yi, har kika ce in aiko da hoto. To, ban ga alamar za a yi ba.

Na ɓoye miki abin da ke tsakanin 'yan'uwanki. Tun da direbobin bas suka jefa ƙuri'a a Afrilu suka shiga yajin aiki, yayanki Clive kullum yana bakin ƙofar gareji cikin masu tsare layi don hana kowa shiga aiki. Ƙanenki Neil kuwa ya tsallake layin ya hau motarsa. Shi ke jan bas ɗin asibiti, wadda ta yi ta kai babanku a ciwonsa na ƙarshe, ya ce ba zai iya barin tsofaffi tsaye cikin ruwan sama ba. Daga ranar Clive bai sake kiran sunansa ba. In ya zama dole sai ya ce "ɗanki".

Ni dai ina da abin da na riƙe a zuci. Na daɗe da sanin ƙuri'ar yaji wata shida take yi ta mutu, daga nan doka ba ta yarda a ci gaba sai an jefa sabuwa. Na ce a Oktoba babu layi, babu mai tsallakewa, kowa ya gaji, sai in kira su in ce ga babanku. Har na kai baƙar rigata wajen wanki.

Ran Lahadi Clive da matarsa Glenys suka zo, na gasa nama da dankali. Da na faɗi ranar watsa tokar, sai ya ajiye cokali ya yi dariya, ya ce, "Mama, a wace shekara kike? An canja doka. Ƙuri'a shekara guda take yi yanzu." Da murna yake faɗa. Wai da can masu kamfani zama kawai suke yi suna kallon kalanda har wata shida su cika, yanzu kuwa sai su zauna har kujera ta ci musu wando. Glenys ta ce shi ma ya rage cika baki, tun da aka fara yajin nan tumbinsa kaɗai ya samu ƙarin girma, saboda biredin da mata ke kai musu bakin ƙofa. Suka yi ta dariya. Ban ce dokar ba ta da kyau ba, Lorraine. Ni matar mahaƙi ce, na san abin da layi yake nufi, ni ma na dafa miyar masu yaji. Amma da aka ƙara musu wata shida, ni aka ɗebe wa.

Na tambaye shi zancen tulun. Ya tuna mini yadda babanku ya yi da Baffa Arnold, wanda ya koma aiki a ramin kwal a babban yajin nan tun kuna yara: in ya hango shi sai ya sauya titi, kuma ran da aka binne shi yana lambu yana cire ciyawa. Sannan ya ce, "Hannun da ya riƙe sitiyari ranar yaji ba zai riƙe Baba ba."

Neil ya zo washegari ta ƙofar baya, yadda yake yi yanzu don kada maƙwabta su gan shi. Ya rame. An rubuta masa maci amana a ƙofar akwatin kayansa a wurin aiki. Ya so ya ba ni dariya, wai tsohuwa ki bar Baba a kan kabad, ai daga can ma yana ganin ƙwallo a talabijin. Daga baya ya ce in bar Clive ya je shi kaɗai. Na ce ba haka babanku ya faɗa ba.

Da jira ne kawai, da na jira. Amma an sayar da tudun, an kafa allo cewa a Nuwamba za a kewaye shi da waya a fara gina rumbun ajiye kaya. Yajin kuwa yana iya kaiwa Afrilu.

Ga abin da nake so ki gaya mini, tunda ke ce mai tunani a cikinku. Na wanke kwalaben jam, na shafa wa biredi, guda biyu, suna kife a taga sun bushe. Tunanina in raba tokar, kowa ya hau tudun a ranarsa. Kullum sai in sauko da tulun, in ɗauko cokali, in kasa. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa tsayawa gefe biyu ba, ni ce zan raba shi? Ki ba ni amsa kafin a sa wayar nan.

Ki gaishe da Duncan, ki rungume mini Isla da Rory. Gwaggonki Mavis tana gaishe ki. Clive ya ce in gaishe ki. Neil ma ya ce in gaishe ki. Kowa daban ya faɗa, ni na haɗa su a layi ɗaya.

Taki har kullum,
Mamanki, Doreen.