Kofi Mai Jan Zare

Litinin, 3 ga Maris
Matar ɗana ta sauka lafiya, mace. Jikata ta fari. Tun azahar na rufe shago, na bar wandon mutane a kan keke. Da idon nan na hagu da ya kumbura, jarirai biyu na gani a zani ɗaya. Na ce wa ɗana, “Amare biyu Allah ya ba ni rana guda.” Har unguwarzoma sai da ta dara. Ina da shekara hamsin da biyar na shiga ajin yamma na koyon karatu da rubutu. Yau ya biya ni, ga ranar na rubuta da hannuna.

Alhamis, 13 ga Maris
Sakamakon gwajin idon ya fito. Tarin fuka, wai a kwarmin ido. Na ce, “Likita, ido ma yana tari?” Ya ce ƙwayar cutar ce ta yi gida a bayan idon tana turo shi waje. Ƙirjina fes, ba zan sa wa kowa ba. Magani na watanni, in na yi wasa idon ya tafi.

Asabar, 15 ga Maris
A gida sunan cutar kawai suka ji. Surukata ta ɗaura wa kofina jan zare, zaren ma na shagona. “Baba, ka yi haƙuri, sai dai ka hango jaririyar daga ƙofa.”

Laraba, 2 ga Afrilu
Allura biyu, zare biyu, sun ƙi haɗuwa. Na dawo gida.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Ta bango nake jin kukan jikata. Har na gane na yunwa da na rigima. Na roƙi likita ya rubuta cewa ba na yaɗa cutar, na karanta musu da kaina, harafi-harafi, ido ɗaya a rufe. Ɗana ya ce, “Mun ji, Baba,” ya ninke takardar. Da marigayiya matata na nan, da ta wanke su tas.
Maganin ya mayar da hawayena ja-ja. Likita ya ce haka yake yi.

Lahadi, 18 ga Mayu
Kumburin ya sauka kaɗan. Hadari ya taso, ba kowa a gida, surukata za ta kwashe shanya. “Baba, riƙe min ita.” Ta kwashe, ta ninke, ta ɗora tukunya, ba ta zo karɓa ba.
Na buɗe ido biyun a hankali. Amaryar ɗaya ce, da hancin kakarta.
Wataƙila mantuwa ta yi. Kofin yana nan da zarensa. Ban tambaya ba.