Na San Abin da ke Cikin Ruwan da Za a Tsoma 'Yata

Salama gare ku, Admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don ba abin da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba.

Ni mutumin Kudancin Kaduna ne, injiniya, ina aiki a Kuala Lumpur. Muna zaune a Sentul ni da matata da 'yarmu guda ɗaya, wadda a nan aka haife ta. Da abubuwa suka ɗan buɗe mini sai na sayi gida a wani tsohon bene da ke bakin teku ta wajen Port Dickson, muna zuwa hutu, sauran lokaci mu ba da haya. Yawancin masu gidajen a Kuala Lumpur suke zaune, shi ya sa kwamitin da ke kula da ginin yake zamansa a wani mamak, wato shagon shayi da abinci, a Cheras, ana shan shayi ana yanke hukunci a kan ginin da wasu sun shekara ba su leƙa ba. Da suka zaɓe ni cikin kwamitin, ni kaɗai baƙin mutum, kaina ya kumbura, har hoto na tura gida.

Iskar gishiri ba abin da ba ta ci a ginin nan. Ta ci ƙarafan baranda, ta ci lif, daga baya ta cinye injin da ke tace ruwan ba-haya. Tanki ya fara cika, wari ya fara hawa sama, 'yan haya suka fara guduwa. Aka kira taro, kowa ya ce a gyara amma ba da aljihunsa ba. Shugabanmu, wani dattijo da muke kira Uncle, ya juyo ya ce ai ga injiniya a zaune. Ni kuma don a ce na san aiki, sai na buɗe bakina na ce akwai tsohon bututu da ke faɗawa magudanar da ta fita teku, in aka buɗe shi ranar da ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ba wanda zai ga launi balle ya ji wari. Na ce na ɗan lokaci ne kafin a gyara. Suka tafa mini, Uncle ya biya kuɗin shayina. Da daddare har na tura musu bayanin da muryata a group ɗin kwamitin na waya. Yau shekara ta zagayo, ba a gyara komai ba, har wani suna suka ba abin, wai wanke tanki. Suna dariya suna cin roti suke wannan magana.

To ga inda abin ya dawo kaina. Cocinmu ta masu Hausa a Wangsa Maju ba ta da wurin baftisma, wurin ninƙaya na wani bene muke ara, sai aka hana mu. Matata, wadda ba ta san komai ba, ta miƙe a gaban jama'a ta ce ga gidanmu na bakin teku, a zo a yi a tekun, a sauya kaya a gidan. Me zan ce a lokacin? Fasto ya je ya duba, ya zaɓi wani lungu tsakanin duwatsu inda ruwa ke kwance babu igiya. A bayan duwatsun nan magudanar take fitowa. Ina tsaye riƙe da tawul aka danna wani ɗalibi ɗan Jos cikin ruwan, kwana biyu bayan an buɗe bututun, ya taso yana goge baki yana murmushi, mata suna waƙa. Satin bai ƙare ba ya kwanta da amai da gudawa, idonsa ɗaya ya kumbura. A coci aka ce Shaiɗan ne ke jin haushin tubarsa, aka haɗa addu'a a ɗakinsa, kuma ni aka ba wa in rufe. Na rufe ido na yi addu'ar nan da murya mai daɗi, kowa ya ce Amin. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Yanzu Asabar mai zuwa za a sake yi, kuma 'yata tana ciki. Ta gama ajin baftisma, ta ɗinka farar riga, kakarta ma ta iso daga gida saboda wannan rana. Na lallaɓa wajen Fasto na ce ko za a nemi wani wuri, ya dafa kafaɗata ya ce, “Dattijo, wurin nan Ubangiji ne ya ba mu ta hannunka, kada ka ji nauyin ɗawainiyarmu.” Na ce wa yarinyar ko ta jira zagaye na gaba, ta kalle ni ta ce, “Daddy, why? Laifin me na yi?” Na shige ɗaki.

Jiya na kira Uncle na roƙe shi kada a buɗe a wannan satin. Ya ce tanki ya kai wuya, kuma ana sa ran ruwa ranar Juma'a. Na ce zan kai ƙara wajen hukuma. Ya yi dariya ya ce, “Boleh, ba laifi, je ka. Amma wa ya koya mana? Muryarka tana nan a group.” Gaskiya ya faɗa. Ni baƙo ne a ƙasar nan, da takardar izinin aiki nake zaune, in maganar ta fashe su za su koma gidajensu, ni ne zan tattara iyalina.

In na gaya wa Fasto gaskiya, dole ya tambaye ni tun yaushe na sani, kuma yaron nan ɗan Jos har yanzu in ya gan ni sai ya rusuna ya ce Baba na gode da addu'a. In na ƙirƙiro ciwo na hana 'yata zuwa, 'ya'yan wasu fa? In na yi shiru, ni ne zan tsaya da tawul ina kallo a toshe mata hanci a tura kanta cikin abin da na sa aka zuba.

Ban gaya wa matata ba. Tana falo yanzu tana gugar farar rigar. Jama'a, kafin Asabar, me zan yi?