Littafin da na karanta ba jan biro a hannu

Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, cikin cikakken hankali, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafa ta ƙi, hannu yana rawa, amma kan nan garau yake, duk da abin da Babba yake gaya wa baƙi idan ya zaci barci nake.

Gida da abin da ke cikinsa shari'a ta riga ta raba muku, ba zan sa baki ba. Nawa rabon tarkace ne da 'yar magana.

1. Takardun shaidar karatuna da ke akwatin ƙarfe, kada a rataye su a bango. Da su na yi zarra a ajinmu, da su kuma na ƙare a ɗakin bayan maɗaba'a ina gyara rubutun waɗanda suka yi kwafe a wurina, suna wucewa a mota ina jiran bas. A ba jikoki su yi jirgin takarda, ko ba komai su tashi sama sau ɗaya.

2. Ke 'yata, da nake kira Likita ko da yake asibiti nas suke ce miki, rediyo da kujerar baranda naki ne. Ke kika tono mini littafin da zan ba ku labarinsa yanzu, shi ya sa.

Kun san aikina. Mai gyaran rubutu ba ya fara shafi daga sama. Daga kalmar ƙarshe yake farawa ya yi baya, don kada daɗin labari ya ɗauke masa ido. Haka na yi har furfura. Littattafai sun bi ta hannuna kamar ruwa a bututu, ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Bara da na kwanta jinya, Likita ta ciro wani tsohon littafin labari na Amurka a ƙasan akwati, cikin waɗanda aka tilasta mana a jami'a. A wancan lokacin na haddace abin da za a tambaya, na ci jarrabawa, na jefar. Wannan karon na nemi jan biro, yatsu suka ƙi riƙewa saboda ciwon da nake ciki a lokacin. Dole na fara daga farko kamar kowa.

Labarin wani mai awon filaye ne a ƙaramin gari mai ƙanƙara. Bai taɓa kuskuren awo ba, bai kuma taɓa yafe wa wanda ya yi ba, har ya tsufa shi kaɗai. Can wajen ƙarshe, ƙanwarsa da suka daɗe ba sa ga maciji ta kawo masa itacen wuta cikin sanyi, ta jibge a bakin ƙofa a karkace. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya haɗiye, ya matsa mata kujera kusa da wuta. Iyakar abin ke nan. Na kife littafin a ƙirji, na yi kukan da ya ƙi zuwa ranar da muka rasa mahaifiyarku, har Likita ta shigo a guje da abin awon jini.

Ban ce ni ne mutumin ba. Shi ba shi da 'ya'ya, ni kuma yawancin gyarana daidai ne. Duniya ta cuce ni, ban janye wannan ba. Sai dai tun daga ranar nan abinci ya dawo da daɗinsa, ina zama a baranda maƙwabta na ta shirme ba na tanka musu, kuma wallahi hirar tasu da daɗi.

3. Babba, littafin naka ne. Kai ka gaji idona, har suka ba ka aikin duba makarantu. Ka fara daga shafin farko, hannunka a aljihu. Jajayen biron da ke aljihun tebur a zuba su a shara.

4. Auta, teburin aikina naka ne, mai gajeriyar ƙafar nan da na tokare da ƙamus. Na yi fushi da ka bar karatu ka kama kafinta. To, a gidan nan kai kaɗai ke yin abin da ake zama a kai.

5. Saura ƙofar da ke jingine a bayan ɗakina. Auta ya sassaƙa ta kyauta don sabon gidan yayansa. Babba ya zaro abin awo a gaban baƙi ya ce ta karkace. Auta ya kwance ta ya kawo nan, kuma tun daga ranar ko gaisuwa sai ta bakin Likita. Na auna ta da kaina. Ta karkace, kaurin farce. Babba, gaskiyarka ce, ga ta na ba ka a rubuce, sai ka dafa ka ci. Umarnina shi ne, kafin a taɓa ko cokali a gidan nan, ku biyu ku ɗauki ƙofar ku mayar da ita inda aka yi ta domin shi. Babba ya riƙe, Auta ya ɗaura. Likita, ki tsaya a kansu, duk wanda ya buɗe baki ki tuna masa har yanzu ke ce mai allura.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su yi haƙuri da ku. Ku riƙe juna, kada in bar ku uku a wayi gari kowa shi kaɗai. Idan ƙofar ta yi ƙara wajen buɗewa, Babba, ka bar ta haka. Da ƙarar za ka san ƙaninka ya zo.