Ƙanzon Japan

Ƙanwata Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Baba da jiki? Ni lafiya lau, tsayuwar gadi a filin ƙwallo ce kawai ke cin gwiwa.

Jiya wani ɗan Japan da ya zo kallo ya ba ni biskit ɗinsu na shinkafa. Wani yajinsa hanci yake hawa, wani ƙarnin kifi yake. Amma mai gishirin, garas-garas, sak ƙanzon tuwon Inna, ƙaurin itace kawai ya rasa. Wallahi na kasa cinyewa.

Cewa ta yi za ta shanya mini nawa kafin hutuna. Korona ta rufe hanya, aka binne ta ba ni nan.

Allah ya jiƙanta. Zaituna, yanzu wa ke kankare tukunyar?

Yayanki,
Ɗalhatu, daga Doha